Taswirar da ke cikin kai



Tun ba a kawo taswirar takarda ba, mutanen ƙasar nan da tasu taswirar a ka. Madugun da ke kai ayari Gwanja sayen goro ya san kowane zango da kowace mashaya. Makiyayin da ke kora dabbobi Ingal lasar gishiri da damina ya san rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Da dare kuwa taurari ke yi masu jagora. Wanda ya ɓata lissafi, ƙishirwa ce ke hukunta shi.

A shekarar 1947 Nasara suka kafa bariki a Dakwaro, ƙasa ta shiga takarda. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta wajen arewa: kudu gonaki, arewa makiyaya. To, layin nan yana takarda, ba ya ƙasa. Da gonaki suka ƙetare shi, burtali ya ƙuntata, rigimar manoma da makiyaya ta yawaita.

Saboda haka, malaman lakwal da na yaƙi da jahilci a Korahane, ku fara daga ƙofar gida. Yaro ya zana rijiya, kasuwa da burtali bisa rairayi. Ya nuna gabas, wajen Dakwaro, ya nuna kudu, wajen Maraɗi. Ya je ya tambayi kakansa sunayen tafkuna. Sa'an nan a buɗe masa taswirar Nijar, zai gane gidansu a ciki.

Sai wani jiƙon, Allah ya kai mu.