Tarihin Lambun Kiyu na Ingila

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Landan, ya kamata ya ratse ya ga wani lambu da ke bakin kogin Tems, ana ce da shi Kiyu. Girmansa ya fi eka 300, an tara itatuwa da tsire-tsire na ƙasashen duniya a ciki.

Gimbiya Ogasta, uwar Sarki Joji na Uku, ita ta kafa shi cikin 1759. Cikin 1840 Gwamnati ta karɓe shi, ya zama na ƙasa duka. Daga 1844 zuwa 1848 aka gina wani makeken ɗaki na ƙarfe da gilashi, ana ɗumama shi saboda itatuwan ƙasashen zafi. Baƙo in ya shiga, ko da hunturu ne, sai gumi ya karyo masa.

A zamanin nan neman arziki shi ne babban aikin lambun. Cikin 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kawo irin itacen roba wajen 70,000 daga Barazil. Kaɗan suka tsiro, aka aika da dashen Silon da Malaya. Sannu a hankali cinikin roba ya kuɓuce wa Barazil, ya koma can.

To, da aka ga sara da noma suna cinye dazuka, sai aikin ya juya. Cikin shekara ta 2000 ma'aikatan Kiyu suka buɗe wani rumbu a Wakehurst, kudu da Landan. A can ake shanya irin tsire-tsiren daji, a rufe cikin kwalabe, a ajiye ƙarƙashin ƙasa cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Ƙwayoyin da aka tara sun haura miliyan 2,000.

Ga misalin amfanin wannan tanadi. Akwai wani ɗan ƙaramin bado na ƙasar Ruwanda, wanda aka janye ruwan idon da yake tsirowa saboda noma, har aka daina ganinsa. Cikin 2009 wani ma'aikacin Kiyu, Carlos Magdalena, ya gano dabarar tsirar da shi daga iri, ya yi ta yaɗuwa.

Ku 'yan makaranta, kun san ko yunwa ta yi tsanani, manomin kirki ba ya cinye irin shukarsa. Abin da Kiyu ke yi wa duniya ke nan, gama domin tuwon gobe ake wanke tukunya.