Falsafa

falsafa (suna, mace). Daga Larabci, asalinta Girkanci.

1. Ilimin da ke bin diddigin tushen abubuwa da hankali da hujja. Mai yinta: masanin falsafa. Ibn Sina da Ibn Rushd na cikin manyansu a duniyar Musulunci.

2. Fanni a jami'a. Biyu daga cikin rassansa na jan muhawara sosai. Na farko nazarin sani: yaushe ne mutum ya san abu, yaushe ne dace kawai ya yi? Bertrand Russell ya ba da misalin wanda ya dubi agogon da ya tsaya, aka yi sa'a lokacin da yake nunawa daidai ne. Ya gaskata, yana da dalili, abin kuma gaskiya ne, amma da wuya a ce ya sani. Gajeriyar maƙalar Edmund Gettier ta 1963 ta mai da irin wannan matsala babbar tambaya. Na biyu nazarin wanzuwa: mene ne lokaci, mene ne sanadi, me ya sa jariri da tsohon da ya zama suke mutum ɗaya?

laccar falsafa: jerin jawabai da masani ɗaya ke gabatarwa, kamar Laccocin John Locke na Jami'ar Oxford a Ingila, waɗanda aka fara a 1950. Saul Kripke ya gabatar da nasa a 1973.

taron falsafa: zaman da ɗaliban digiri na biyu da na uku ke karanta maƙalunsu, malamai da 'yan uwansu ɗalibai su yi musu gyara.