Muhasaba da Halwa a Ƙasar Kano

Muhasaba ita ce mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi: me ya aikata, haƙƙin wa ke wuyansa, wace ni'ima ya ci bai gode ba. Halwa kuwa keɓewa ce a ɗaki na wasu kwanaki, sau da yawa arba'in, da ƙarancin ci da yawan zikiri, bisa izinin shehi.

Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, yana cikin na farko da suka tsara wannan ilimi, sannan Imamu Gazali (ya rasu 1111) ya ware masa babi a Ihya'u. Littattafai da ɗariƙu ne suka kawo shi Kano, inda ake danganta zuwan Ƙadiriyya da Shehu Magili, baƙon Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Amma Ahalari ne ya kai shi zauren talaka. Ɗan littafin nan da ɗalibi a Gaya ko Ajingi ke fara fiƙihu da shi, tun bai zo kan alwala ba yake kawo sharuɗɗan tuba, da mayar da haƙƙin mutane, da tsare harshe.

Bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, tarbiyyar Tijjaniyya ta bazu, muridi na bitar zuciyarsa a hannun muƙaddami. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta soki yawancin ayyukan ɗariƙa. Masu shiga halwa don neman duniya ma sun ɓata mata suna.

Japan ma na da irin wannan muhasaba. Yoshimoto Ishin (1916–1988) ya sassauta wata tsattsaurar keɓewa ta mabiya Buddha ya kira ta Naikan: mako guda a bayan shamaki, mutum na tuna rayuwarsa, yana farawa da mahaifiya, kan tambaya uku. Me na karɓa daga gare ta? Me na ba ta? Wace wahala na ja mata? Laifin da aka yi maka ba ya cikin lissafi, da gangan. Daga shekarun 1950 aka kai Naikan gidajen yari, daga baya asibitoci. A Kano muhasaba ba ta yi wannan ƙaura ba. Har yau a zawiya da zauren malam ake koyon ta.