Tarihin Binciken Asalin Man Fetur

Nazarin sinadaran halittu a cikin duwatsu reshe ne na ilimin ƙasa da ke bin diddigin abin da ragowar tsirrai da ƙananan halittu ke zama bayan ƙasa ta binne su. Shi ya warware tambayar da ta daɗe tana raba kan masana: daga ina man fetur ya fito?

Tun a 1763 Mikhail Lomonosov na Rasha ya ce asalin mai ragowar halittu ne da zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa. Ɗan ƙasarsu Dmitri Mendeleev bai yarda ba. A 1877 ya ce ruwa ne ke tsatsafawa can ƙasa ya tarar da ƙarfe mai ɗauke da kabon, mai ya samu ba da wata halitta ba. A 1888 Carl Engler na Jamus ya dafa man kifi cikin matsi mai tsanani, ya fitar da ruwa mai kama da ɗanyen mai. Gwajin ya nuna abin zai yiwu, amma bai tabbatar cewa haka ya faru a cikin ƙasa ba. Masu haƙa kuwa ba su jira ƙarshen gardamar ba: bayan rijiyar Edwin Drake ta 1859 a Amurka, sun koyi neman wuraren da shimfiɗun dutse suka yi doro, domin nan mai ke taruwa.

Alfred Treibs, ɗalibin Hans Fischer a birnin Munich, shi ya kawo hujja mai ƙarfi. Tsakanin 1934 da 1936 ya tsamo wani jan sinadari mai suna fofirin daga ɗanyen mai da duwatsu, ya nuna cewa ƙirarsa ta fito ne daga kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore. Binciken ya ba da amsa biyu a tare. Mai daga halittu yake, kuma ba a wuta mai tsanani ya samu ba, don da haka ne da fofirin ɗin ya lalace. Ya cancanci laƙabin uban wannan fanni da ake yi masa.

Da na'urorin rarrabe sinadarai suka samu a shekarun 1950, tambayar ta koma ta yaushe da kuma ina. George Philippi ya nuna a 1965, daga duwatsun Kalifoniya, cewa sai dutse ya kai wani zurfi kafin ya fara ba da mai. Aka gane cewa kerojin, wato daskararren ragowar halittu, yana narkewa ya zama mai a zafin da ya kama daga kusan digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas. In ya wuce nan sai gas. Cibiyar man fetur ta Faransa ta fito da na'urar gwajin duwatsu mai suna Rock-Eval a 1977, sannan Bernard Tissot da Dietrich Welte suka tattara ilimin a littafinsu na 1978.

Najeriya ma ta sa hannu. A 1979 Chukwuemeka Ekweozor na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka yi nazarin wani sinadari mai suna oliyanen a man yankin Neja Delta, suka danganta shi da tsirrai masu fure na kan tudu. Har yau da wannan sinadari ake gane man da ya fito daga duwatsun da shekarunsu ba su wuce kusan miliyan 100 ba.