Jirgin Ishimura da Tarihin Sana'ar Tsoratarwa

Ma'abota sana'ar tsara wasannin bidiyo, waɗanda na daɗe ina cuɗanya da su kuma nake cin abinci ta hanyar da suke ci, sun yi ittifaƙi a kan cewa babu fannin da ya kai na tsoro da neman tsira wuyar sha'ani, domin kuwa yayin da sauran wasanni suke ƙoƙarin sa ɗan wasa ya ji shi gwarzo ne wanda ba a karawa da shi, wannan fanni sharaɗinsa na farko shi ne a raunana mutum, a ƙuntata masa, a hana shi abin da yake bukata, sa'an nan a sa ran zai dawo gobe da son ransa. A ganina babu wasan da ya tattara falalar wannan fanni da illarsa wuri guda kamar Dead Space, wanda kamfanin Electronic Arts ya fitar a watan Oktoba na 2008, sai dai ba za a fahimci matsayinsa ba sai an bi silsilar magabatansa.

Asalin abin yana komawa ga Sweet Home na kamfanin Capcom a Japan cikin 1989, da Alone in the Dark wanda Frédérick Raynal ya jagoranta a Faransa cikin 1992, amma wanda ya kafa ƙa'idojin da muka gada shi ne Resident Evil na Shinji Mikami, na shekarar 1996. A cikinsa kyamara a kafe take a kusurwar ɗaki, ta yadda kana jin jan ƙafar abin da ke tahowa alhali ba ka ganinsa. Harsashi a ƙirge yake. Kai, hatta adana inda ka tsaya ba ya yiwuwa sai ka sami zaren tawada ka kai shi ga tafireta. Da yawa daga waɗannan ƙa'idoji larura ce ta haife su, saboda gazawar na'urorin wancan zamani, kamar yadda hazon nan na Silent Hill a 1999 ya kasance dabarar ɓoye abin da PlayStation ba ta iya zanawa daga nesa, amma masu hikima suka mai da larurar ta zama ginshiƙi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai reshen sararin samaniya, wanda limaminsa shi ne System Shock 2 na 1999, inda mutum ke farkawa cikin kumbon Von Braun ya tarar annoba ta cinye jama'arsa; masana sun yaba shi ƙwarai, kasuwa kuwa ba ta karɓe shi yadda ya cancanta ba. Daga nan sai Mikami da kansa ya rushe abin da ya gina, ya fito da Resident Evil 4 a 2005, ya ɗora kyamara bayan kafaɗar ɗan wasa, ya ba shi ikon saita bindiga inda ya so, kuma tun daga ranar saɓani ya shiga tsakaninmu game da ko tsoro yana iya zama tare da iko.

Cikin wannan muhawara Glen Schofield da jama'arsa na Redwood Shores a Kalifoniya suka shigo, da niyyar farko ta bin sawun System Shock, har suka ga aikin Mikami suka sauya alƙibla, suna kuma ɗauke da tasirin finafinai irin su Alien na 1979 da The Thing na 1982 da Event Horizon na 1997. Labarin da suka tsara yana faruwa ne a shekarar 2508, a cikin wani ƙaton jirgin haƙar ma'adinai mai suna Ishimura, wanda ya yi shiru a kusa da duniyar Aegis VII, aka aiko 'yan gyara su duba shi, suka iske gawarwakin ma'aikatansa sun rikiɗe sun zama dodanni. Babbar hikimarsu, wadda har yau nake jinjina mata, ita ce da suka ƙi ba mu soja, suka ba mu injiniya, Isaac Clarke, mutumin da makaminsa na farko na'urar yankan ma'adinai ce ta leburori. Dodannin kuwa ba sa mutuwa cikin sauƙi da harbin kai ko na ƙirji, sai an datse musu gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, wanda ke nufin cewa ilimin da ɗan wasa ya tara shekara da shekaru a wasannin harbi ya zama abin da zai halaka shi, kuma a daidai lokacin da hannunsa ke rawa ake bukatar ya natsu ya saita ƙafa, ya juya bakin na'urar daga tsaye zuwa kwance, ya sake saita hannu.

Falala ta biyu ita ce kawar da duk wani rubutu daga fuskar allo. Ma'aunin lafiyar Isaac wani siririn haske ne da ke bin ƙashin bayan rigarsa, yana raguwa yana sauya launi daga shuɗi zuwa ja. Adadin harsashi yana bayyana a jikin makamin. In ka buɗe jakarka, hotonta yana tsayawa a iska gabanka, duniya kuwa ba ta dakata maka ba, don haka kana laluben magani wani abu yana iya fasa ramin iska ya faɗo maka. Sai kuma sha'anin sauti, wanda Don Veca ya shugabanta, Jason Graves ya tsara kiɗansa, har suka karɓi lambobin BAFTA biyu a 2009. Veca ya naɗi ƙugin jirgin ƙasa na San Francisco ya zuba shi cikin wani ɗakin injuna, inda ba dodo ko ɗaya amma mutum ke gudu domin ya fita. Idan kuwa ka taka waje, inda babu iska, sai kome ya ɗauke, ba ka jin kome sai numfashinka da bugun zuciyarka da amon takalminka a kan ƙarfe, ga lissafin iskar shaƙarka yana sauka a bayan wuyanka, ga abin da ke binka ba ya da sauti ko kaɗan. Wannan babi kam ban san wanda ya fi su ba.

Amma adalci ya wajabta a faɗi naƙasu. Isaac bebe ne tun daga farko har ƙarshe, alhali an ce ya zo neman masoyiyarsa Nicole, sai ya zama ɗan aike kawai tsakanin abokan tafiyarsa Hammond da Kendra, wannan ya ce je ka gyara jirgin jigila, waccan ta ce je ka ta da inji, babi goma sha biyu ana abu guda. Wurin harbin duwatsun sama da igwa a babi na huɗu kuwa kowa ya san bai dace da sauran ba. Haka nan fitowar dodanni daga ramukan iska, wadda ke tsinka zuciya a sa'o'in farko, tana zama al'ada, har mutum ya riƙa shiga ɗaki yana ƙirga ramukan yana cewa daga nan za su fito.

Illar da ta fi waɗannan duka, wadda kuma nake ganin ita ce tushen abin da ya biyo baya, ita ce kanti da bencin gyaran makami. Wasan yana ba ka kuɗi ko kaya daga gawarwakin dodanni, ka sayi harsashi da sulke, ka ƙara wa makaminka ƙarfi, ta yadda kafin ka kai tsakiya abin da kake gudu ya zama abin da kake nema, domin kashe shi riba ce. Mai tsoro ya koma mafarauci ke nan, kuma mafarauci ba ya firgita da ganin nama. Mu masu sana'ar mun san dalilin sa wannan tsari, wato tsoron kada ɗan wasa ya gaji ya ajiye, amma magani ne da ke cin jikin mai shansa.

Abin da ya faru daga baya ya tabbatar da haka. Dead Space 2 na 2011 ya ba Isaac murya, ya ƙara sauri da faɗa, ya kuwa yi kyau, ko da yake tsoron ya ragu. A 2012 wani babban jami'in kamfanin Electronic Arts ya bayyana cewa irin wannan wasa yana bukatar masu saye kimanin miliyan biyar kafin a ci gaba da zuba masa jari, sai ga Dead Space 3 a 2013 da wasan mutum biyu tare, da harsashi iri ɗaya ga kowane makami, da sayen kayan ƙira da kuɗin gaske. To ina kaɗaici ga wanda abokinsa ke gefensa, ina kuma ƙunci ga wanda zai iya sayen mafita? A watan Oktoba na 2017 aka rufe ɗakin aikin na Redwood Shores, wanda a lokacin ake kira Visceral Games, aka watsa mutanen da suka san wannan ilimi, abin da har yanzu yake yi mini ciwo. A halin nan wasu sun bi kishiyar hanya: Amnesia na mutanen Suwidin a 2010 ya ƙwace makami baki ɗaya, Alien: Isolation na 2014 kuma ya haɗa ka da dodo guda wanda ba ya kasuwa, sai dai ya yi tsawon da ya gajiyar da jama'a da yawa.

Schofield ya sake gwadawa da The Callisto Protocol a Disamba na 2022, ya jingina shi ga dambe da kauce wa duka, bai kuwa sami karɓuwar na farko ba. A watan da ya biyo baya kamfanin Motive na Montreal a Kanada ya fito da sabon ginin Dead Space na asali, inda Isaac ya yi magana irin ta injiniyan da ya san aikinsa, aka haɗe jirgin ya zama wuri guda da ake zagayawa ba yankewa, aka gyara wurin igwar nan, aka kuma ƙara wata dabara da na so ƙwarai, wato a tilasta maka zaɓi tsakanin kashe fitilu da kashe iskar shaƙa kafin ka sami wutar da za ka yi aiki da ita. Sun gyara kusan duk abin da aka yi kuka da shi a 2008, amma kanti da benci suna nan inda suke, kuma wanda ya iya tattalin kuɗinsa zai shiga babi na goma da makamin da ke datse gaɓa da harbi ɗaya ko biyu.