Dariyar da Rashin Kuɗi Ya Haifa: Yadda Kung Fu Ya Koyi Barkwanci a Hong Kong

A ranar 20 ga Yuli, 1973, Bruce Lee ya mutu a Hong Kong yana da shekara 32, kafin ya ga irin karɓuwar da *Enter the Dragon* zai samu a duniya. Ya bar masu shirya finafinai da kasuwa mai faɗi, amma ba su da hajar da za su kai mata. Dabarar da ta fara zo musu ita ce neman mai kama da shi. Aka yi ta fito da samari masu irin askinsa da irin ihunsa, aka laƙaba musu sunaye kamar Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee. 'Yan kallo suka shiga silima suka fito, sun ga rigar, ba su ga mai rigar ba.

Shekara biyar bayan haka wani ƙaramin kamfani ya buɗe wata hanya dabam. Bai yi hakan da yawan jari ba, domin ba shi da shi. Tarihin finafinan kung fu na barkwanci tarihi ne na yadda ƙarancin kuɗi ya tilasta wa masu sana'a dogaro da abin da kawai suke da shi a wadace, wato jikin da aka horar tun yarinta, har wannan tilas ta zama salon da duniya ta ƙaunata.

Birnin 'yan gudun hijira

Hong Kong a lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Bayan yaƙin duniya na biyu, da kuma nasarar 'yan gurguzu a ƙasar Sin a 1949, jama'a suka kwararo cikinta, yawancinsu daga lardin Guangdong. Da yawa suka kafa bukkoki a gefen tsaunuka, har gobarar Shek Kip Mei ta daren Kirsimeti na 1953 ta raba mutum sama da 50,000 da matsuguninsu, abin da ya sa gwamnati ta fara gina dogayen gidajen haya na talakawa. 'Ya'yan waɗannan gidaje su ne suka cika masana'antun saƙa da na roba da na agogo a shekarun 1970, kuma su ne masu sayen tikitin silima.

Harshensu na gida Kantonis ne, amma manyan finafinan lokacin da Mandarin ake yin su. Kamfanin Shaw Brothers, mai katafaren sansanin shirya fim a Clear Water Bay, shi ke riƙe da kasuwa, da fadojin sarakuna na katako da tufafin alharini da jarumai masu mutuwa a tsaye da takobi a hannu. Finafinan Kantonis sun kusa ɓacewa a farkon shekarun 1970. Barkwanci ne ya farfaɗo da su: *The House of 72 Tenants* a 1973, sai finafinan Michael Hui da 'yan'uwansa daga 1974, waɗanda suka riƙa yi wa maigida marowaci da ma'aikacin da albashi ba ya isarsa dariya da harshen titi. Kasuwa ta nuna cewa mutanen birnin suna son ganin irin kansu a majigi. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa wannan dariya da faɗa.

Makarantar bulala

Masu iya haɗawar suna nan, sai dai a ƙasan layi suke. Su ne tsofaffin ɗaliban makarantun opera ta Peking, wani wasan dandamali na gargajiya da ya ƙunshi waƙa da kwaikwayo da alkafura da faɗan makamai. Fitacciya cikin makarantun ita ce ta Malam Yu Jim-yuen. A can iyayen Jackie Chan suka ajiye shi yana ɗan shekara bakwai, bisa yarjejeniyar shekara goma, su kuma suka tafi aiki Ostareliya. A can ya haɗu da Sammo Hung da Yuen Biao da Yuen Wah. Horo yakan fara da asuba ya kai dare, kwana a ƙasa, kuskure kuma sanda ce ladansa, kamar yadda Chan ya bayar da labari a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1998. Karatun boko kaɗan ne ƙwarai.

Sa'ad da suka kammala, kasuwar opera ta riga ta faɗi. Samarin suka fito da sana'ar da babu mai saye, sai masu shirya fim da ke neman wanda za a jefa ta taga a biya shi kuɗin yini. Chan da kansa yana cikin waɗanda Bruce Lee ya doka a *Fist of Fury* da *Enter the Dragon*. Amma makarantar ta ba su abin da zakaran karate ba shi da shi: sanin lokaci. Ɗan opera ya san daƙiƙar da zai dakata, da yadda zai faɗi ƙasa ya ba da dariya, da yadda za a mai da kujera ko kwano ko tsintsiya abokin wasa. Duk wannan tun a dandamali ya samo asali, inda ɗan barkwanci yake da matsayinsa na musamman cikin 'yan wasa.

Aron jarumin da ba ya ciniki

A 1976 darakta Lo Wei, wanda ya ba da umarnin finafinan kung fu biyu na farko da Bruce Lee ya yi a Hong Kong, ya ɗauki Chan ya ba shi sunan Sing Lung, wato mai zama dodo, ya sa shi a *New Fist of Fury*. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, haka ma waɗanda suka biyo baya. An sa wa saurayi mai faffaɗan hanci da fuskar raha ɗaure fuska irin ta mai ɗaukar fansa, abin bai zauna masa ba. Don haka da furodusa Ng See-yuen, mai ƙaramin kamfanin Seasonal, ya nemi aronsa don finafinai biyu, Lo Wei bai ga abin da zai yi asara ba.

Ng ya damƙa aikin darakta ga Yuen Woo-ping, mai tsara faɗa wanda bai taɓa ba da umarnin fim ba. Shi kuma ya kawo mahaifinsa, Yuen Siu-tien, tsohon ɗan opera da ya haura shekara 60, ya fito a matsayin malami. Abokin gaba kuwa, wanda 'yan kallo ke kira bos, aka ba Hwang Jang-lee, gwanin taekwondo daga Koriya, mutumin da shurinsa ya cire wa Chan haƙori ana cikin ɗauka.

Fim na farko, *Snake in the Eagle's Shadow*, ya fito a watan Maris na 1978. Jaruminsa maraya ne mai share-share a wata makarantar kung fu, wanda malamai ke gwada duka a kansa don burge masu kuɗi. Ya taimaki wani tsoho mabaraci, bai san cewa tsohon gwanin salon maciji ne da ake farauta ba. Na biyu, *Drunken Master*, ya fito a watan Oktoba, ya tara sama da dalar Hong Kong miliyan 6. Lau Kar-leung ya riga ya gwada cuɗa kung fu da raha a *The Spiritual Boxer* a 1975, Sammo Hung ma yana kan hanyar, amma waɗannan finafinai biyu ne suka kafa tsarin da kowa ya bi.

Ƙarfin halin *Drunken Master* yana cikin wanda ya zaɓa ya yi wasa da shi. Wong Fei-hung mutum ne da ya rayu da gaske, mai magani kuma malamin kung fu a Guangdong, ya mutu a 1925. Tun daga 1949 ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a finafinai sama da 70, kullum dattijo mai kamun kai da wa'azin ladabi. Sai ga shi an nuna shi yana saurayi mara ji, mai tsokanar 'yan mata, mai cin abinci a gidan abinci ya nemi sulalewa bai biya ba. Mahaifinsa ya gaji ya miƙa shi ga wani mabaraci mashayi ya gyara shi. Ga mutanen Hong Kong wannan tamkar a ce an nuna musu kakansu yana yaro ana ja masa kunne.

Abin da aljihu ya hukunta

Idan aka duba siffofin waɗannan finafinai ɗaya bayan ɗaya, za a ga hannun rashin kuɗi a kusan kowace. Kamfanin da ba shi da fada ta katako sai ya tafi fili. Shi ya sa faɗan ƙarshe yakan kasance a kan wani tudu mai ciyawa a bayan gari, mutum biyu da hasken rana. Wanda ba zai iya ɗinka tufafin fadawa ba sai ya ba da labarin mabaraci da ɗan aike, waɗanda tsumma ya ishe su. Wanda ba zai iya tara rundunar mayaƙa ba sai ya cika tsakiyar fim da horo: yaro rataye kai a ƙasa yana ɗibar ruwa da ƙaramin kofi daga wannan mazubi zuwa wancan, ko yana fasa ƙwallon goro mai tauri da yatsu, malam kuma yana gefe yana hutawa. Mutum biyu da igiya da tulu sun wadatar.

Ba a ɗaukar murya a wurin aiki, sai daga baya a ɗora. Hakan ya rage kashe kuɗi, ya kuma sauƙaƙa sayar da fim ɗin da kowane harshe. Ya kuma tura nauyin labari kan jiki, domin abin da ido ya gani ba ya bukatar tafinta. Kyamara takan tsaya nesa kaɗan, ta bar motsi goma ko fiye su wuce kafin a yanke. Babu na'urar da za ta rufe wa raggo asiri, don haka ɗan kallo ya san abin da yake gani an yi shi.

A nan farin jinin salon yake. Bruce Lee ya shigo fim a gwaninsa, ɗan kallo sai dai ya yi mamaki. Jarumin Chan yakan shigo ba ya iya komai. Chan ya sha bayyana a hirarraki cewa da gangan ya juya duk abin da Lee yake yi: inda Lee zai kai naushi ya yi ruri, shi sai ya kai naushi ya yarfa hannu don zafi. A *Drunken Master* bos ya lakaɗa masa duka, ya ƙona masa wando, ya sa shi rarrafe ta tsakanin ƙafafunsa. Wulaƙancin ne ya mai da shi wurin malamin da ya gudu ya bari. Leburan masana'anta da yaron shago sun san wannan labari daga rayuwarsu: maigida mai tsanani, aiki mai maimaituwa wanda ba a ga amfaninsa, da fatan wata rana wahalar za ta zama gwaninta. Dariyar ta sa ana iya haɗiye ɗacin, nasarar ƙarshe kuma ta zo da hujjarta, tunda an ga gumin da aka biya.

Akwai kuma wani darasi da finafinan biyu suka maimaita. A na farko salon maciji bai isa ya kayar da na gaggafa ba, sai da yaron ya ga kyanwa tana faɗa da kumurci ya ƙara da nata. A na biyu ya raina kashi na takwas na salon mashaya, na wata mace, ya ƙi koyo, sai a tsakiyar faɗa ya ƙirƙiro nasa. Ɗalibi yana girmama malami, amma da abin da ya haɗa da kansa yake tsira. Birnin da ya rayu da kwaikwayon kayan wasu yana gyara su ya gane wannan magana.

Kwaikwayo, tsada, da abin da ya rage

Kowa ya ga tsarin yana da araha, sai aka yi masa rubdugu. A 1979 kaɗai an ga *Sleeping Fist* da *Dance of the Drunk Mantis* da *The Mystery of Chess Boxing*, kowanne da tsohonsa da marayansa da baƙon salonsa. Yuen Siu-tien bai daɗe yana cin moriyar sunan da ya samu da tsufa ba, ya mutu a watan Janairun 1979. Finafinan suka bazu a Taiwan da Koriya da Japan, da silimun talakawa na biranen Amurka, da Afirka. A Kano da sauran biranen Arewa an riƙa nuna su tare da na Indiya, kuma yaran da suka fito daga silima suna gwada tsayuwar maciji a bakin titi ba su bukaci jin Kantonis ba.

Nasara ta kawo kuɗi, kuɗi kuma suka canza abin. Chan ya koma Golden Harvest, ya yi *The Young Master* a 1980, daga nan ya bar tudun ciyawa ya shiga birni da *Project A* a 1983 da *Police Story* a 1985. Kasada ta ƙaru. A lokacin ɗaukar *Armour of God* a Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe. Guntayen kurakurai da raunuka da yake nunawa a ƙarshen fim sun zama hatimin cewa ba a yaudari ɗan kallo ba, amma suna kuma tuna cewa wannan nishaɗi da ƙasusuwan mutane aka biya shi, yawancinsu 'yan kasadar da ba a san sunayensu ba.

Makarantun opera irin ta Yu Jim-yuen sun rufe, kuma babu iyayen da doka za ta bari yau su ba da ɗa a kan irin waɗancan sharuɗɗa. Gwanintar ta watsu a duniya ta hannun waɗanda suka rage: Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗan *The Matrix* a 1999. Da Stephen Chow ya yi *Kung Fu Hustle* a 2004, ya kira Yuen Wah ya fito a matsayin mai gidan haya, amma rabin abin mamakin kwamfuta ce ta yi shi.

Tsohon lissafin kuwa yana nan inda aljihu bai cika ba. A unguwar Wakaliga ta Kampala, Isaac Nabwana ya shirya *Who Killed Captain Alex?* a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba, da samarin unguwa masu koyon kung fu, da bindigogin da aka haɗa da tarkacen ƙarfe, da mai sharhi yana zuba barkwanci a kan hoto. Miliyoyin mutane sun kalle shi a YouTube. Suna dariyar jirgin saman da kowa ya ga na bogi ne, amma alkafurar da samarin ke yi a cikin taɓo tasu ce, kuma ita ce ke riƙe ɗan kallo har ƙarshe.