Agajin gaggawa ga haƙori kafin a kai ga likita: Jagora ga ma'aikata da 'yan kasuwar Sharada, Challawa da Bompai

Haƙorin babban mutum da ya fita ɗungurungum sakamakon bugu ana iya mayar da shi gurbinsa ya sake kamawa, matuƙar an yi abin da ya dace a mintunan farko. Wannan ne ya sa makomar haƙorin ta fi rataya a wuyan wanda ke tsaye kusa da mai raunin fiye da likitan da za a gani daga baya.

A unguwannin masana'antu na Kano, wato Sharada da Challawa da Bompai, irin wannan rauni ba baƙon abu ba ne. Bel ɗin inji yakan tsinke ya doki fuska, ƙarfe yakan kuɓuce wa mai ɗaure noti, buhu yakan zamo wa ɗan dako a wajen lodi, ga kuma haɗarin babur da A Daidaita Sahu a titunan da manyan motoci ke kai da kawowa. Wasu masana'antun na aiki dare da rana, alhali ɗakunan duba haƙori sun fi aiki da rana. Saboda haka akwai buƙatar ma'aikata da shugabanninsu da dillalan da ke zuwa sarin kaya su san abin da zai iya jiran wayewar gari da abin da ba ya jira.

Idan haƙori ya fita gaba ɗaya

Babban mutum na da haƙora 32, kuma na gaba na sama ne suka fi fita idan aka samu bugu. Saiwar haƙori lulluɓe take da wasu ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda su ne ke manna ta da ƙashin muƙamuƙi. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Raunin Haƙori ta Duniya, IADT, ta sabunta a shekarar 2020 sun nuna cewa idan haƙori ya yi minti 30 a bushe, akasarin waɗannan ƙwayoyi sun mutu, idan kuwa ya wuce minti 60, da wuya a samu masu rai. Bushewa ce babbar abokiyar gabar haƙorin da ya fita.

Abin da za a fara yi shi ne a nemo haƙorin, a kama shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani a baki, kada yatsa ya taɓa saiwar. Idan ya kwashi ƙasa, a ɗauraye shi a hankali na 'yan daƙiƙoƙi da madara ko ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa da ake samu a ɗakin shan magani na masana'anta. Kada a kankare shi, kada a goge shi da tsumma ko buroshi, kada kuma a sa masa sabulu ko sifirit ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Daga nan sai a mayar da shi gurbinsa nan take, fuskarsa na kallon waje kamar 'yan uwansa, a danna shi sannu a hankali har ya daidaita da na kusa da shi. Mai raunin ya ciji hankici mai tsabta don ya riƙe shi, a nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan mayar da shi ya gagara, a jefa shi cikin ƙaramin mazubi mai madarar shanu sabuwa ko ta kwali marar sukari. Ruwan ORS da ake sayar da garinsa a kemis shi ma yana yi. In babu ko ɗaya, mai raunin ya tofa yawunsa a kofi a sa haƙorin a ciki. Nono da kindirmo ba su dace ba saboda tsaminsu. Ruwan famfo ko na leda yana lalata ƙwayoyin saiwar, sai dai duk da haka ya fi a bar haƙorin a bushe. Naɗe shi cikin takarda ko auduga ko jefa shi a aljihu, wanda shi ne abin da aka fi yi, kashe shi ne.

A asibiti likita zai ɗaure haƙorin da na kusa da shi da siririyar waya na kimanin mako biyu, ya duba ko akwai buƙatar allurar tetanus, sannan a mafi yawan lokuta a yi aikin cire jijiyar cikinsa a tsakanin wannan lokaci. Ko da awa guda ta wuce, a tafi da haƙorin, domin likita ne zai yanke hukunci a kansa.

Mutum biyu ne ba a mayar musu da haƙori a wurin da abin ya faru. Na farko shi ne wanda ya suma ko hankalinsa bai dawo daidai ba, don kada haƙorin ya faɗa masa maƙogwaro. Na biyu shi ne yaron da bai yi famfara ba. Haƙoran yarinta 20 ne, kuma mayar da ɗayansu na iya lalata na dindindin da ke tasowa a ƙarƙashinsa. Yara kan fara famfarar haƙoran gaba ne daga kusan shekara 6, don haka idan ana shakkar wane iri ne ya fita, a sa shi a madara a kai wa likita.

Haƙorin da ya karye, ya girgiɗe ko ya goce

Idan wani yanki ne ya ɓalle, a nemo shi a ajiye cikin madara, domin sau da yawa ana iya liƙa shi. A kuskure baki da ruwan ɗumi, a ɗora ƙanƙara naɗe cikin tsumma a kunci. Ganin ɗigon ja ko jini a tsakiyar inda ya karye alama ce ta cewa jijiyar haƙorin ta buɗe, kuma wannan na buƙatar likita a ranar. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ƙwayoyin cuta ke bin wannan kafa su shiga cikin haƙori.

Haƙorin da ke girgiɗi ko ya karkace ko ya nutse cikin dasashi, kada a riƙa wasa da shi da harshe ko yatsa, kada kuma a cire shi. A ci abinci mai laushi ta ɗaya gefen har a ga likita. Haka nan idan ciko ya fita, ko haƙorin Makka ya ciro, a adana abin da ya fita, kada a yi yunƙurin mayar da shi da gam.

Zubar jini a baki

Jini kaɗan idan ya gauraya da yawu yakan yi kama da mai yawa, don haka kada a firgita. Mai raunin ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai gaba don kada ya haɗiyi jinin. A naɗe bandeji ko tsumma mai tsabta a ɗora a wurin, ya cije da ƙarfi na minti 20 zuwa 30 ba tare da ɗagawa ana dubawa ba. Jakar ganyen shayi da aka jiƙa aka matse ita ma tana taimakawa wajen daskarar da jini. Yankan leɓe ko harshe kuwa ana danne shi ne da yatsu ta cikin tsumma.

Wanda aka cire wa haƙori ya guji kuskure baki da yawan tofar da yawu da shan taba da abu mai zafi a awa 24 na farko, domin gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. Idan jini ya ƙi tsayawa bayan an danna sau biyu, ko raunin ya wage yana buƙatar ɗinki, ko mutum yana shan maganin tsinka jini, sai asibiti.

Karaya ko gocewar muƙamuƙi

Alamomin karayar muƙamuƙi sun haɗa da haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa yadda suka saba, leɓen ƙasa ya mutu, baki ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi rufuwa, ko a ga layin haƙora ya yi hawa da sauka. A tallafe haɓa da hannu ko da mayafin da aka zagayo ta saman kai, ɗauri sassauƙa wanda za a iya kwancewa da sauri idan amai ya taso. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa a yi masa aiki. Wannan ba karayar da ake kai wa maɗori ba ce.

Bugun da ya isa ya karya muƙamuƙi ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙashin wuya. Suma, amai, ruɗewa, ko jini ta hanci da kunne sun fi batun haƙori gaggawa. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kansa da wuyansa a miƙe, don jini ya gangaro waje.

Idan sinadari ya shiga baki

Wannan ya fi shafar masana'antun jima da aka san Challawa da su, da kuma wuraren rini da na yin sabulu, inda ake aiki da asid da soda da farar ƙasa. A kuskure bakin da ruwa mai yawa ana tofarwa na tsawon minti 15 zuwa 20. Kada a sa mutum ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko wani abu da sunan karya dafi. A tafi asibiti da mazubin sinadarin ko hoton takardar da ke jikinsa.

Ciwon haƙori mai hana barci

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Babu wata tsutsa a cikin haƙori kamar yadda masu tallan magani ke faɗa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cin jikin haƙori har ramin ya kai ga jijiya.

Kafin ganin likita, a kuskure baki da ruwan ɗumi kofi guda da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cire abincin da ya maƙale da zare, ban da allura ko tsinken ƙarfe. Babban mutum zai iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu bayan kowace awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. Ibuprofen na aiki sosai kan ciwon haƙori idan aka sha bayan cin abinci, amma bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba a ba su asfirin.

Kanumfari na ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, amma mansa na ƙona dasashi idan ya yi yawa. Abubuwan da ba a kusantar da su ga haƙori ko kaɗan su ne ruwan batir, fetur, man birki, turare, garin taba da ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi, domin dukansu ƙona naman baki suke yi. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba ba ya toshe rami, kuma taramol ƙofar jaraba ce. Haka nan ciwon da ya ɗauke da kansa bayan kwanaki ba lallai warkewa ba ce, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma ta fara taruwa a gindin saiwa.

Kumburin da ba ya jiran gobe

Kumburin dasashi ko kunci na nufin mugunya ta taru, kuma sai likita ya fitar da ita. Kada a huda shi, kada a gasa shi da ruwan zafi ta waje. Mafi haɗari shi ne kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ya tura harshe sama, wanda likitan nan Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya yi bayaninsa a shekarar 1836, ake kuma kiransa da sunansa. Yawanci daga turamen haƙora na ƙasa yake tasowa, yana kuma iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i. Wahalar haɗiya ko numfashi, sauyin murya, dalalar yawu, kasa buɗe baki, zazzaɓi mai zafi, ko kumburin da ya haura zuwa ido, kowane ɗayansu dalili ne na tafiya sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Masu ciwon sukari su suka fi shiga haɗari.

Inda za a nufa da kuma haƙƙin ma'aikaci

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, kuma a nan ake horar da ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke daura da Ƙofar Mata shi ma yana da sashen haƙori. Ga mutanen Bompai, Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda aka fi sani da Asibitin Nasarawa, ya fi kusa idan ana neman sashen gaggawa. Wanda ya taso daga Challawa ta hanyar Fanshekara na iya cinye awarsa a cunkoso, shi ya sa mayar da haƙori a wurin da ya fita ya fi ɗaukarsa a kofi.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta wajabta wa kowace masana'anta ajiye akwatin agajin gaggawa. Ƙara masa garin ORS da ruwan gishiri na asibiti da ƙaramin mazubi mai murfi ba wani kuɗi ba ne, sai dai ya kamata a samu wanda ya san amfaninsu a kowane rukunin aiki, har da na dare. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta buƙaci ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7. Don haka a rubuta lokaci da wurin da abin ya faru da sunayen shaidu, a kuma adana katin asibiti da rasitai, domin da su ake neman haƙƙi.